Kundin gasasshen ots, daga tuffar Satumba zuwa kabewar Nuwamba

Lahadi, 7 ga Satumba, 2025

Yau na soma aikin da na daɗe ina ɗagawa: samo karin kumallon da za a gasa ranar Lahadi ya kai mu tsakiyar mako. Motar makaranta tana tsayawa a bakin layinmu tun kafin bakwai, maigida kuwa ya riga yara fita. Dama koko kowace safiya ya gagara, hatsin kwalin nan mai sukari da ake zuba wa madara kuma ba ya riƙe ciki. Kafin hantsi auta ya fara jin yunwa a aji. Ga shi likita ya ce wa maigida ya rage maiƙo, ya riƙa cin ots saboda kitsen jini.

Gasasshen ots abincin mutanen yankin nan ne. A gundumar Lankasta ta jihar Pensilbaniya, inda muke zaune, gidajen Amish, wata al'ummar Kiristoci manoma masu rayuwar gargajiya, sun daɗe suna yin sa, ana kuma sayar da shi a gidajen cin abinci da safe, a zuba masa madara mai ɗumi. Maƙwabciyata ta sama, wata dattijuwa haifaffiyar nan, ita ta rubuto min ma'auninsu a kati: ots kofi 3, jan sukari kofi 1, narkakkiyar bota rabin kofi, madara kofi 1, ƙwai 2, bekin foda ƙaramin cokali 2, gishiri, kirfa da ruwan banila. Na ɗanɗana nata, yana da daɗi ƙwarai, amma wannan sukari da bota ba abin da zan ba iyali kullum ba ne. Abin da nake nema shi ne 'ya'yan itacen kaka su ɗauki nauyin zaƙin, kuma in an yanka shi ya tsaya da kansa kamar alala, a ɗauka da hannu in ana sauri.

Banila na ajiye ta gefe. Dokar Amurka ta ce ruwan banila na asali sai ya ƙunshi barasa aƙalla kashi 35 cikin ɗari, hankalina bai kwanta da shi ba. Citta, kanumfari da kirfa sun ishe ni.

Na rage sukari zuwa rabin kofi, bota cokali 3, na ƙara madara ta zama kofi 2. Ots ɗin da ke gida mai saurin dahuwa ne, tuffa kuma McIntosh guda 3. Obin a digiri 350 na ma'aunin Amurka, wato kusan 180 a namu, minti 40. Gefe ya bushe, tsakiya ta yi caɓal. Tuffar ta narke gaba ɗaya, ko alamar yanka ba a gani. An ci da cokali.

Laraba, 10 ga Satumba

Ragowar ya ƙare jiya. Da ya kwana a firij ya ɗan haɗe jikinsa, sai dai yana da yauƙi. Babbar 'yata ta ce, "Umma, ƙamshin ya yi, amma a baki kunu ne." Ba a sake gasawa ba sai an sayo kayan da suka dace.

Asabar, 13 ga Satumba

Kasuwar manoma ta tsakiyar garin Lankasta. Tun 1730 ake cin kasuwa a wurin, ginin jan bulon da take ciki yanzu kuma na 1889 ne. Talata, Juma'a da Asabar take ci. Na tsaya gaban wata mai sayar da tuffa na faɗa mata abin da ya faru. Ba ta ma bari na gama ba ta ce McIntosh ta miyar tuffa ce, da ta ji wuta take rushewa. Wanda ke son yankan ya fito da kamanninsa sai ya nemi mai tsauri. Ta yanka min Gala da Honeycrisp na ɗanɗana. Gala zaƙi zalla, ba tsami. Honeycrisp kuwa garas-garas, ruwa fal, ga ɗan tsami a ƙarshe. Jami'ar Minesota ce ta fitar da irinta a 1991, kuma har yau ta fi sauran tsada domin nomanta da ajiyarta na da wahala. Na sayi kaɗan daga kowacce, dala 9.

Batun ots ma ya fito fili. Iri uku ake samu a shago, duk daga ƙwaya ɗaya. Akwai wanda aka sassara kawai da ƙarfe, akwai wanda aka turara aka daɓe shi fale-fale, sai mai saurin dahuwa da aka ƙara daɓewa aka kuma farfasa. Na ukun yana tsotse ruwa nan take ya saki yauƙinsa, shi ya sa ya kwaɓe. Na biyun ake so. Babban gwangwani mai kusan kilo 1.2, na shagon da ba shi da suna, dala 4 da rabi.

Yauƙin nan dai ba abin ƙi ba ne gaba ɗaya. Shi ne zaren ots mai narkewa a ruwa, wanda hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince tun 1997 a rubuta a jikin kwali cewa gram 3 nasa a rana na taimaka wa zuciya. Saboda shi likita ya ambaci ots. Ni dai ina son ya kasance a ciki ba tare da ya mamaye baki ba.

Lahadi, 14 ga Satumba

Daɓaɓɓen ots kofi 3, madara kofi 2, ƙwai 2, Honeycrisp 2 yankan ƙanana a ciki, Gala 1 yankan fale-fale a jere a sama. Sukari kashi ɗaya cikin uku na kofi. Na bar haɗin ya zauna minti 15 kafin ya shiga wuta, don ots ya fara shan madara.

An samu ci gaba sosai. Tuffar ta tsaya, ƙwayar ots ana jin ta a haƙori. Amma bayan minti 45 saman fari fat yake, bai yi ja ba, wuƙa kuma ta fito daga tsakiya da danshi. Sai da ya cika awa guda. Wannan bai yi daidai da katin maƙwabciyata ba, wadda ta ce nata ba ya wuce minti 35.

Lahadi, 21 ga Satumba

Matsalar a obin take.

Na sayi ɗan ma'aunin zafi mai rataya, dala 7, na rataye shi a tsakiyar obin. Na saita 350, na jira ƙarar da ke nuna ya yi zafi. Allura tana kan 290. Na ƙara jira minti 20, ta hau 315 ta tsaya cak. Ashe tun da muka tare a gidan nan abin da nake gasawa a ƙarancin wuta yake dahuwa. Kaza ba ta nuna ba, domin ita a bar ta ta daɗe ne kawai. Ots da ƙwai ba su yarda da haka.

Ga yadda na fahimci abin. A cikin farantin nan tsere ake yi tsakanin ƙwai da tuffa. Ƙwai yana buƙatar zafi ya kama, ya ɗaure ots da madara wuri ɗaya. Tuffa kuwa da ta ji ɗumi take fara zubar da ruwa. In wuta ta kai, ƙwan zai riga ta, sai ruwanta ya tsaya kusa da ita ya zama ɗan romo mai zaƙi a kewayen kowane yanka. In wuta ta gaza, tuffar ce za ta riga, ruwanta ya bi ko'ina ya tsinka haɗin tun bai kama ba. Daga nan ko an ƙara lokaci, gefe ne zai ƙone, tsakiya na nan tsamo-tsamo.

Na murɗa zuwa 385 kafin allura ta zauna a 350. Haɗin na makon jiya na maimaita ba tare da na taɓa komai ba, don in ga aikin wutar shi kaɗai. Minti 38. Saman ya yi ja, bakin yankan tuffa ya ɗan naɗe ya yi duhu, gefe ya saki jikin faranti da kansa. Na tsoma ma'aunin nama a tsakiya, ya wuce digiri 160, wato 71 a namu, iyakar da ake so abinci mai ƙwai ya kai. Na bar shi minti 20 ya huce kafin in sa wuƙa. Wannan jiran ma yana cikin dahuwar, in aka yanka da zafinsa wargajewa yake.

Ya yanku murabba'i, ya ɗauku da hannu. Maigida ya ci biyu a tsaye.

Na kira mai kula da gidajen na faɗa masa. Ya ce zai turo mai gyara.

Talata, 23 ga Satumba

Ɗumame: yanka ɗaya, madara cokali 2 a kai, minti ɗaya a na'urar ɗumama abinci. Faranti ya ƙare yau, bai kai Laraba ba. Mako mai zuwa ots kofi 4, ƙwai 3, madara kofi 3. Mai gyara bai zo ba.

Asabar, 4 ga Oktoba

Mun tafi gundumar Adams, wajen Getisbag, inda aka fi noman tuffa a duk Pensilbaniya. Hanya mai lamba 30 muka bi ta garin Yok, tafiyar kusan awa ɗaya da rabi. Ƙarshen mako biyu na farkon Oktoba ake bikin girbin tuffa a can, motoci sun cika hanya, don haka muka kauce wa filin bikin muka tsaya a rumfar wata gona. Tuddai ne jere da bishiyoyi gajeru, an ɗaure su a jikin waya, rassa sun sunkuya da 'ya'ya.

Abin da ya fi amfanar da ni a tafiyar shi ne kwandunan da ke bayan rumfa. Tuffar da ta ɗan ƙuje, ko ta karkace, ko ƙanƙara ta yi mata tabo, ba a kai ta kanti, a nan ake sayar da ita da rahusa. Rabin bushel, wajen kilo 9, dala 14. Mai kyan gani a gaban rumfa ta ninka haka. Tunda yankawa zan yi, tabon fata bai dame ni ba. Na zaɓi Jonagold, wadda aka samo daga auren Jonathan da Golden Delicious, manya-manya, zaƙi da tsami sun daidaita. Na tambayi York Imperial, tuffar yankin nan ta asali mai karkataccen jiki, mai gonar ya ce ba a fara tsinkarta ba tukuna, ta ƙarshen kaka ce, kuma ita ce mai jure ajiya.

Na kuma sayi kwalbar man tuffa ɗaya, dala 6. Ba mai ba ne, tuffa ce aka dafa awanni har ta yi kauri ta koma ruwan ƙasa mai duhu. Na duba jikin kwalbar, wannan ba a ƙara mata sukari ba. Da ita nake so in gwada maye gurbin jan sukari.

Ya ba ni shawarar ajiya: firij, cikin leda mai 'yan huda, mai rauni a fara da ita. Firij ɗinmu ba zai ɗauki kilo 9 ba, rabi ya shiga, sauran na jera a kwali a kan kanta. Ya haɗa min da fiya irin ta ƙasashen sanyi, mai suna Bartlett, kore shar, ya ce ba ta nuna a bishiya, sai an ajiye ta a gida.

Man mota da kaya duka, kusan dala 45.

Lahadi, 5 ga Oktoba

Sukari ya fita gaba ɗaya. A madadinsa man tuffa rabin kofi da dabino 6, na cire ƙwallo na jiƙa a madara mai zafi na markaɗa. Jonagold 3. Ɗanyar citta na goga rabin cokali, kanumfari 3 na daka, kirfa ƙaramin cokali. Soyayyar gyaɗa na farfasa na barbaɗa a rabin faranti kawai, domin ajin auta an hana shiga da gyaɗa saboda yaran da jikinsu ba ya karɓarta, shi kuma yakan tafi da yanka ɗaya a jaka.

Wannan shi ne mafi kyau zuwa yanzu. Dabino ya ba shi zaƙi mai nauyi wanda ba ya gundura, ya kuma sa launin ya yi duhu. Kanumfari 3 ya ɗan yi ƙarfi, 2 ya isa. Na hau da yanka biyu wa maƙwabciyata. Ta ce ba irin na mahaifiyarta ba ne, amma ta tambaye ni mene ne mai ɗan yaji a ciki, ta rubuta citta a bayan katinta.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Maigida ya yi sahur da yankan ƙarshe da yogot, ya ce ya riƙe shi fiye da burodi. Kwana huɗu shi ne iyakar da nake bari a firij. Mai gyara ya zo, ya canja wata 'yar sanda mai auna zafi a bayan obin. Yanzu 350 tana nuna 345.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Makon fiya, kuma bai yi daɗi ba.

Tuffa tana fitar da wata iska mai suna etilin da ke hanzarta nunar duk abin da ke kusa da ita. Fiyar tana kan kanta ɗaya da kwalin Jonagold, sai duk suka nuna lokaci guda, daga kore suka koma rawaya, ƙamshi ya cika kicin. A makon jiya na ci gaba da tuffa, na sa fiyar a firij don ta dakata. Yau da na fere ta, ruwa na bin yatsuna har gwiwar hannu, wasu ma cikinsu ya fara yin launin ƙasa daga wajen ƙwallo, alhali fatar lafiya lau. Haka Bartlett take, daga ciki take fara lalacewa.

Na zaɓi 4 masu kyau na yanka na shimfiɗa a ƙasan faranti, na zuba haɗin a kai, madara kofi 3 yadda na saba. Obin daidai, minti 40. Sama ya yi kyau har na ji daɗi. Da na sa wuƙa sai ruwa ya taso ta tsagar. Ƙasan ya zama dagwalo, fiyar ta narke, ots ɗin da ke kanta ya jiƙe ya yi fari, na sama kuma ya rabu da shi ya zama ɓawo daban. Na mayar minti 15, saman ya fara ɗaci, ƙasan bai canja ba.

Abin ya dame ni, domin kayan da suka shiga ba kaɗan ba ne, kuma ba na son zubar da abinci. Na kwashe saman na ajiye, ƙasan na juye a tukunya na ƙara madara aka sha shi da cokali da dare.

Ma'auni ɗaya ba zai yi wa kowane ɗan itace ba. Madara kofi 3 da ta dace da Jonagold ta yi wa nunanniyar fiya yawa, domin ita da ruwanta take zuwa. Wurin da aka sa ta ma yana da tasiri. A ƙasa ruwan ba shi da hanyar fita, a sama kuwa zafi na busar da shi, zaƙin ya tattaru. Daga yau kafin in auna madara sai na yanka ɗan itacen na ga yadda yake.

Sauran fiyar na fere su duka, na dafa da citta a wuta kaɗan ba murfi har suka ƙafe suka yi kauri. Kwalba biyu. Za su yi aikin da man tuffa ya yi.

Litinin, 20 ga Oktoba

Burodi da ƙwai. Da yamma na sayi fiya Bosc 4, mai dogon wuya da fata ruwan ƙasa, dala 4. Ana danna wajen wuya a ji ko ta nuna. Na zaɓi masu ɗan tauri.

Laraba, 22 ga Oktoba

Gashin tsakiyar mako, rabin ma'auni. Bosc fale-fale a sama, madara na rage, dafaffiyar Bartlett a ciki maimakon man tuffa. Ya yanku tsaf. Bosc ba ta rushe ba, bakinta ya yi ja yana ɗan danƙo. A cikakken ma'auni zai zama madara kofi 2 da rabi.

Lahadi, 26 ga Oktoba

Na gwada sassararren ots, don maigida ya ji an ce ya fi daɗewa a ciki. Shi ban gasa shi kai tsaye ba, sai da ya kwana a jiƙe. Daren jiya na zuba kofi 1 da rabi a madara kofi 4 na rufe a firij, ƙwai da bekin foda sai da safe na haɗa. Na bar farantin gilashin ya saki sanyi kafin ya shiga obin, gudun kada ya tsage.

Awa guda ya yi. Ɗanɗanonsa ya fi na ɗayan zurfi, ƙwayar na fashewa a haƙori. Amma bai yanku ba, da cokali ake ɗiba, kuma ƙwayoyin da suka leƙo sama sun ƙeƙashe sun yi ƙarau. Auta ya ture kwanon. Maigida ya ce shi ya fi so. Tunda dalilin aikin tun farko abin ɗauka da hannu ne, na koma daɓaɓɓe. Ragowar sassararren zan riƙa dafa wa maigida a tukunya ranar Asabar.

Jonagold ɗin kan kanta ta fara yin laushi, fatar na maiƙo. Ta firij tana nan garas. Na yanka ta kantar duka na soya sama-sama da ɗan bota da kirfa, na raba a leda na sa a firiza.

Lahadi, 2 ga Nuwamba

Daren jiya aka mayar da agogo baya da awa ɗaya, kamar yadda ake yi a nan duk kaka. Makon da ya wuce rana ba ta fitowa sai wajen bakwai da rabi, yara a duhu suke karyawa. Yanzu za a ɗan samu haske.

Kabewa ta cika kasuwa. Manyan jajayen nan da ake jerawa a ƙofar gida na ado ne, cikinsu zare da ruwa. Ta ci a yankin nan wata ce mai dogon wuya lanƙwasasshe, fatarta ruwan madara, wuyan duk tsoka ne ba rami. Ɗaya babba dala 4. Na tsaga, na kife a faranti, na gasa har cokali ya shige, na kwashe tsokar na murje. Wannan karon tun kafin in haɗa na duba ruwanta: na zuba a rariya na ɗora a kan kwano, cikin awa ɗaya fiye da rabin kofi ya tsiyaye. Ta gwangwani ba ta buƙatar haka, an riga an ƙafe ta.

Kabewa kofi 1, madara kofi 2, dabino 8 domin ita ba ta da zaƙin tuffa, bota cokali 2 kawai. Soyayyar tuffar firiza na watsa a sama. 'Ya'yan kabewa ɓararru na sa a maimakon gyaɗa, sai farantin ya zama na kowa.

Launin ya fi na kowane mako kyau, ruwan lemo mai duhu. Ya yanku sumul, ya fi laushi. Aibinsa nauyi, ya ɗan cushe, minti 48 ya ɗauka. Ina ganin ƙarin rabin ƙaramin cokali na bekin foda zai buɗe shi. Gishiri ma yana son ƙari, kabewa na shanye shi.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Lissafin faranti ɗaya mai yanka 12, da farashin da na saya: ots kofi 4 kusan dala 1 da santi 40, madara santi 85, ƙwai 3 santi 90, bota santi 60, tuffa santi 90, dabino dala 1 da santi 20, kayan ƙamshi 'yan santi. Ya tashi wajen dala 6, kowane yanka santi 50. Dabino ne mafi tsada a ciki in aka duba yawansa. Medjool nake saya a shagon halal, zan koma Deglet Noor da ya fi sauƙi, tunda markaɗawa ake yi. Shi ya fi bushewa, zai so jiƙo mai tsawo.

Na samu York Imperial a kasuwa yau. Tauri gare ta, ga tsami. Na sayi kaɗan don in ga yadda za ta yi a ajiya.

Lahadi, 16 ga Nuwamba

Kiranberi, 'yan jajayen ƙwayoyin nan da ke fitowa ɗanye a wannan lokacin kaɗai. Jihar Wiskonsin ce ta fi noma su. Leda mai gram 340, dala 2 da rabi. Ɗanyensu ba ya ciwuwa don tsami da bauri. Na zuba kofi ɗaya a haɗin tuffa yadda suke. A obin suka farfashe, suka yi jajayen tabo masu ban sha'awa, amma duk wanda ya ci karo da ɗaya sai ya yamutsa fuska. Dabino ya zaƙaƙa ots ɗin, bai shiga cikin ƙwayar ba. Gyaran da zan yi: rabin kofi, a raba kowace biyu, a cuɗa da zuma cokali ɗaya a bar su su ɗan jima. Sauran ledar ta shiga firiza, suna jure daskarewa.

Yayata ta kira daga Kaduna, ta ga hoton da na tura. "Ke, wannan fa ba sai mai obin ba?" Na ce, "Yaya, tukunyar da kike gasa kek da yashi a ƙasa za ta yi, ki dai bari ta yi zafi sosai kafin ki sa, kada ki riƙa buɗewa." Tuffa a can ta waje ce, da tsada, na ce ta fara da kabewa da dabino da gyaɗa, duk suna kasuwa yanzu. Na jaddada mata ta tsane kabewar, kuma ta duba gwangwanin ots, domin mai saurin dahuwa ne ya fi yawa a kantuna. In shi ta samu ta rage madara, kada ta bar haɗin ya zauna. Ta ce za ta gwada ta faɗa min.

Lahadi, 23 ga Nuwamba

Ma'aunin da na tsaya a kai, don faranti mai santimita 23 da 33: daɓaɓɓen ots kofi 4, ƙwai 3, bota cokali 4, dabino 6 zuwa 8, bekin foda ƙaramin cokali 2, gishiri rabin ƙaramin cokali, citta, kirfa, kanumfari 2. Madara kofi 3 in tuffa mai tsauri ce, 2 da rabi in fiya ce kuma a sama, 2 in da kabewar da aka tsane ruwanta kofi 1. Yau York Imperial da rabin kofin kiranberi mai zuma, minti 40. Tsamin ya zauna daidai, tuffar ko gezau ba ta yi ba.

Alhamis 27 ga wata hutun godiya ne, makaranta a rufe, ba sai na gasa na tsakiyar mako ba. Zan yi amfani da hutun in gasa faranti biyu, in yanka, in naɗe ɗaya-ɗaya in daskarar, in ga ko ɗumamen daga firiza zai yi ruwa. Rumfunan gona da yawa suna dab da rufewa, ina so in samo wani rabin bushel na York ko Fuji kafin nan, amma sai na sami wurin ajiya mai sanyi. Maƙwabciyata ta ce akwai kanta a ɗakinta na ƙasa da ba ta amfani da ita, gobe in sha Allahu zan sauka da ma'aunin zafi in duba. Daga Disamba kuma gwajin zai koma kan busassun 'ya'yan itace, waɗanda su shan ruwa suke yi, don haka madara za ta ƙaru. Zan fara da kofi 3 da rabi.